Kalma Mai Harafi Biyar

Zulai ta ɗora yatsa kan takarda,
kalmar Turanci ce, harafi biyar.
"Baffa, gobe jarrabawa. Me take nufi?"
Shekara talatin da ɗaya ina shaƙar alli a Jekadafari,
na san kalmar kamar yunwar cikina,
amma da na buɗe baki sai Hausar ta maƙale.

Muka ɗauko tsohon ƙamus daga ƙasan gado,
wanda gara ta cinye masa shafukan ƙarshe.
Ya ce: kirawo.
Ya ce: jawo wa zuciya abin da ya wuce.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
ya ce mutanen da da ita suke kiran iskoki.
Zulai ta ce to wanne za ta ɗauka,
malaminsu layi ɗaya tak ya bari.

Na ce rubuta "tayar da".
Ta yi dariya. "Kamar janareto?"
Ƙwarai kuwa.
Ki ja igiya sau uku, shiru,
a na huɗu gida ya ɗauki ruri.
Kamar yadda ladan ke tayar da salla,
masu gyangyaɗi su miƙe su daidaita sahu.
Kamar yadda uwarki ke tayar da ke da asuba
kina ta cewa saura kaɗan.
Ana tayar da hankali. Ana tayar da tsohon bashi.
Ana tayar da gari ma:
mu an tayar da namu shekarar da aka tare kogi,
aka loda mu a akori-kura har da turmi da kaji,
tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan ƙarƙashin ruwa,
kifi na yawo inda muke shanya gero.

Ban rufe baki ba,
sai daga bayan katanga
matar Yerima tela ta saki albasa cikin man shanu.

Ban kira kowa ba, Allah ne shaida.
Ba garaya, ba turare, ba mai girka.
Amma ga Gaji tsugunne gaban murhu,
zani ɗaure a ƙirji, tana fifita da faifai,
tana mitar itacen ɗanye ne,
wai kullum sai na bari an cuce ni a Kumo.
Ga tabon ƙuna a hannunta na hagu.
Ga wushiryar nan.
Ta juyo za ta ce in miƙo gishiri.

Shekara tara ina zuwa mata ranar Juma'a,
in tsaya, in yi addu'a, in yayyafa ruwa,
ko sau ɗaya fuskarta ba ta zo mini cikakkiya ba.
Hoton da ke bango ma ya zama takarda.
Yau albasar naira ɗari ta kawo ta
har da muryarta, har da faɗan.

"Baffa, hayaƙi ne ya shiga idonka?"
Na ce hayaƙi ne.
Da gas matar Yerima take girki,
yarinyar ta sani, ta yi shiru,
ta sunkuya ta rubuta abin da na ce,
hannunta mai kyau, ya fi nawa.

Na ƙara duba ƙamus, wai ko na tsallake layi.
Ya kawo misali da waƙa, ya kawo da zane,
ya faɗi asalin kalmar daga wani tsohon harshe,
bai ce komai ba game da yadda ake yi
in abin ya tashi ya ƙi komawa.

Keke-napep ya wuce da kiɗa ta hanyar Pantami.
An kawo wuta, yara suka yi ihu.
Ƙanshin yana ja da baya.
Na ce, "Zulai, ajiye biron.
Ɗauki murfin kwanon can, ki zaga,
ki ce wa matar Yerima ina gaisuwa,
ta sam mini kaɗan, tun bai huce ba."